Amsa ga malamin da zai zo koyar da Turanci a Damagaram

Malam, na ga tambayarka kan yadda zama yake a Damagaram (Zinder) ga baƙon malami daga Kano, da yadda zuwa gida yake. Ni ma daga Najeriya na zo, ina koyarwa a nan.

Abin da zai fara rikita ka shi ne kuɗi. Da sefa ake ciniki, amma da dala ake ƙirga: dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka idan mai tumatir a kasuwar Dole ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi. Jaka kuwa 1000. Ranar farko na tsaya da kuɗi a tafin hannu ina kallonta, sai ita ta zaɓi nata ta mayar mini da saura. Yara za su kira ka mushe (wato monsieur na Faransanci), makaranta kuma lakwal, kada ka yi mamaki.

Wajen neman haya, don Allah ka tambayi maganar ruwa kafin ka tambayi kuɗin ɗaki. Famfo kan ɗauke, musamman a zafin Afrilu da Mayu, sai ka koma ga 'yan ga-ruwa. Ka tanadi randa da jarkoki tun da wuri.

Gida ba nisa, ta Matamaye da Daura ake bi, yini guda ya isa. Ka fita da sassafe, takardunka da katin rigakafi a aljihun gaba. Cikin gari kabu-kabu ya wadatar. Idan ka sauka, neme ni mu sha shayi a unguwar Zango.