Kashin kaji ko buhun taki?

Tambaya: Ina da gonar masara a wajen Shika. Taki ya yi tsada, tsutsa kuma ta cinye mini rabin amfani bara. Wani ya ce in daina sayen takin zamani da maganin feshi, in koma noman gargajiya zalla. Me zan saya bana?

Amsa: Malam, kada ka yi saki-na-dafe. Ƙasar da ta shekara goma tana shan takin zamani ba za ta ba ka masara da kashin kaji kaɗai a damina ɗaya ba. Raba kuɗin: rage buhunan takin, ragowar ka sayi kashin kaji tun da rani, kafin masu gidajen gona su ɗaga farashi.

Amma fa kada ka zuba shi ɗanye. Na ga gonar da aka yi wa haka a fadamar Galma, ganyen ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Tara shi da tattaka da toka, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa har zafinsa ya mutu, ya yi baƙi, warin ya tafi. Ƙasar da ta ci irin wannan taki tana riƙe laima, shi ya sa idan ruwa ya ɗauke na mako biyu a watan Yuni, masararta ba ta saurin naɗe ganye.

Tsutsar nan kuwa baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a 2016 aka fara ganinta a Najeriya. Darbejiya na maganinta, amma sai tana ƙarama. Daka busassun 'ya'yan, ka jiƙa su kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa cikin zuciyar masarar inda take ɓuya. Da yamma ake yi, domin rana na kashe ƙarfin maganin. Wanda ya jira sai ganye ya zama rariya, to ya makara, darbejiya ba za ta fitar da shi ba. Zagaya gonar sau biyu a mako ya fi kowace kwalba.

Inda ba na son ka yi rowa shi ne iri. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a ƙofar gidanka. Nemi irin SAMMAZ mai jure fari ko wuta-wuta. In gonar na da wuta-wuta, shuka waken soya a wani ɓangare: yana sa ƙwayarta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu.

Tambaya: Ni uwargida ce a Tudun Wada. Da me zan adana wake ba tare da magani ba?

Amsa: Hajiya, sayi buhun PICS, mai leda biyu a ciki. Busar da waken sarai, ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban; ƙwarin za su mutu don rashin iska. Duba ledar da kyau kafin ki biya, ɗan huji ya isa ya ɓata aikin. Maganin ƙwari na Sniper kuwa kada ya kusanci abincin 'ya'yanki. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.