Kundin da ya fi ciniki da wanda ya zo na ɗaya a shekara: me ya raba su?

Malam, tambayarka ita ce me ya sa kundin waƙoƙin da aka ce ya fi ciniki a Amurka a 2015 ba shi ne na ɗaya a jadawalin ƙarshen shekara na Billboard 200 ba, wato jerin kundaye 200 da ke kan gaba da mujallar Billboard take fitarwa.

Matsalar kalanda ce. A lokacin, shekarar Billboard tana farawa ne a Disamba, ta ƙare a Nuwamba. Kundin Adele mai suna 25 ya fito ranar 20 ga Nuwamba 2015, ya sayar da kwafi miliyan 3.38 a makon farko. Nielsen, kamfanin ƙididdigar cinikin waƙoƙi da ke lissafi daga Janairu zuwa Disamba, ta ba shi kambun 2015. Billboard kuwa ta ba kundin Taylor Swift mai suna 1989, don cinikin 25 ya faɗa ne cikin lissafinta na shekara mai zuwa, sai a 2016 ta ɗora shi a sama.

Ka kuma lura, tun Disamban 2014 ba sayen kundi kaɗai ake ƙirgawa ba. Sayen waƙa 10 daidai yake da kundi ɗaya. A ƙa'idar 2018, sauraro 1,250 ta intanet na masu biyan kuɗi, ko 3,750 na masu jin kyauta da talla, shi ma kundi ɗaya ne. Nan mutane suke tuntuɓe: su ɗauki wannan haɗaɗɗen adadi su kira shi ciniki.

Yawan makonni a saman jadawali ma ba hujja ba ce, don a makon da kasuwa ta yi sanyi da adadi kaɗan ake hawa.

In rubutu za ka wallafa, nemi rahoton shekara na Luminate, magajiyar Nielsen, ka duba ƙa'idar shekarar, domin ana sauya ta.