Wuƙata Ta Yi Giɓi, Giranda Kuma Ta Ƙona Bakinta: Tana Gyaruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wuƙa mai kube, irin wadda ba a naɗewa, da na gada daga mahaifina, kuma maƙeri ne ya ƙera ta da sifirin mota. A layyar bara na sari ƙashi da ita, bakinta ya yi giɓi biyu. Na kai wa mai walda ya goge ta da giranda, giɓin ya tafi, amma bakin ya yi shuɗi-shuɗi, kuma tun daga ranar ko na wasa ta, kafin in gama fiɗar akuya ɗaya ta dakushe. Ina sha'awar koyon wannan aiki da hannuna. Shin ta mutu ke nan, ko akwai dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wuƙarka ba ta mutu ba, amma abin da ke damunta ba rashin washi ba ne, don haka ko ka kwana kana goga ta a kan dutse yadda ka saba, haka za ta ci gaba da yi maka. Zafi ne ya ɓata bakinta, kuma sai an cire wurin da ya ɓaci kafin a yi maganar kaifi.

Lokacin da maƙeri ya gama ƙirar wuƙa, yakan gasa ta har ta yi ja, wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, ya tsoma ta a mai ko a ruwa domin ta yi tauri, sannan ya sake ɗumama ta kaɗan, kusan digiri 200, domin taurin ya sassauta kada ta riƙa karyewa kamar gilashi. Sifirin mota yana karɓar wannan aiki da kyau saboda yana ɗauke da sinadarin kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari, shi ya sa maƙera suke nemansa a wurin 'yan gwangwan. To, duk lokacin da ƙarfen ya sake yin zafin da ya wuce wancan ɗumi na biyu, taurinsa raguwa yake yi, kuma ba ya dawowa da kansa idan ya huce. Shi kansa ƙarfen yana ba da shaida da launi: ruwan ƙasa-ƙasa mai haske kamar busasshen kara yana nuna wajen digiri 220 zuwa 230, shuɗi kuwa wajen 300. Faifan girandar hannu yana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, bakin wuƙa kuma siriri ne, ba shi da kaurin da zai shanye zafi, saboda haka daƙiƙa biyu ko uku sun isa su ƙona shi. A kula da cewa launin a saman ƙarfen kawai yake. Sanfefa za ta goge shi nan take, amma laushin yana nan a ciki, kuma wannan ne yake yaudarar mutane da yawa.

Kafin komai, ka gwada zurfin ɓarnar da sabon magagari. Ka goga shi a hankali a bakin wuƙar can kusa da mariƙi, inda giranda ba ta ƙona ba, sannan ka goga a wurin da ya yi shuɗi. A wuri mai tauri za ka ji yana zamewa da siririyar ƙara, a wuri mai laushi kuwa yana cizo yana fitar da gari. Sau da yawa laushin bai wuce milimita 1 ko 2 daga baki ba, kuma wannan aiki ne da za ka iya a gida. Idan magagarin yana cin ƙarfen har tsakiyar ruwan wuƙar, sai a cire mariƙin a mayar wa maƙeri ya sake gasa ta ya tsoma.

Mataki na farko shi ne wanda ya fi yi wa sabon shiga nauyi a zuciya, domin da hannunka za ka kashe sauran kaifin da ya rage. Ka sami dutsen washi mai kaushi, lamba 220 zuwa 400 (lambar tana nuna kaushi ne: ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi), ko sanfefar ruwa mai wannan lamba da aka shimfiɗa a kan gilashi ko tayil. Ka tsayar da wuƙar kamar za ka yanka dutsen gida biyu, ka riƙa jan bakin daga gindi har tsini, kana bin lanƙwasarsa gaba ɗaya. Ya fi kyau ka yi haka a gefen dutsen, kada ka tsaga fuskarsa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya tsaya yana cin wurin giɓin kaɗai, sai a ƙare da baki mai kwari a tsakiya wanda ba ya taɓa katako idan ana yanka albasa. Ka riƙa tsayawa kana gwadawa da magagari, har ka ji ya fara zamewa a ko'ina.

A nan bakin zai zama faffaɗan layi mai ƙyalli, kuma ya fi dā kauri, tun da ka hau zuwa inda ruwan wuƙar ya fi nama. Wannan kaurin na bayan baki shi ne dalilin da ya sa tsohuwar wuƙa takan aske gashin hannu amma ta kasa ratsa doya sai dai ta tsaga ta. Saboda haka ka kwantar da wuƙar kusan shafe da dutse, ka rage kumatunta biyu daidai wa daida, kana ƙirga jan da ka yi wa kowane gefe, har faffaɗan layin nan ya koma kamar kaurin takarda uku ko huɗu. Aikin zai iya cin awa guda ko fiye. Ka riƙa zuba ruwa, ka kuma naɗe mariƙin da tsumma ko salatif kada dutse ya kuje shi.

Sai kuma kusurwa, wato yawan karkatar wuƙar a kan dutse lokacin washi. Ga wuƙar yanka da fiɗa irin taka, ina ganin digiri 20 a kowane gefe ya fi dacewa. Wuƙar girki mai tauri sosai, kamar na ƙasar Japan, tana ɗaukar 15, amma ƙarfen sifiri ba ya jure wannan sirantar idan ya gamu da guringuntsi. Ba sai ka sayi ma'auni ba. Idan faɗin ruwan wuƙar santimita 3 ne, ka ɗaga bayanta sama da dutse kimanin santimita 1, ka sami digiri 20 ke nan. Ka shafa wa bakin baƙar maka, ka ja sau uku, ka duba: idan tawadar ta goge a can sama ta bar baki, kwantarwar ta yi yawa ke nan, idan kuma a bakin kaɗai ta goge, ɗagawar ce ta yi yawa. Ka ƙame wuyan hannunka, motsin ya fito daga kafaɗa, yatsu biyu ko uku na ɗaya hannun suna danne daidai wurin da ke kan dutse, kuma idan ka zo lanƙwasar tsini ka ɗaga gwiwar hannu kaɗan domin bakin ya ci gaba da taɓawa.

Abin da zai gaya maka ka isa shi ne wani ɗan siririn leɓe na ƙarfe da ke lanƙwasowa zuwa gefen da ba ka wasa ba. Ido ba ya ganinsa sosai, amma idan ka shafo babban yatsa daga bayan wuƙar zuwa bakinta, za ka ji yana kama fatar yatsan kamar ƙaiƙayi. Kada ka taɓa jan yatsa a tsawon bakin. Wannan leɓe shi ne shaidar cewa gefen da kake wasawa ya kai ƙarshen baki, kuma sai ka ji shi daga gindi har tsini ba tare da yankewa ba kafin ka juya ɗaya gefen ka yi haka. Mafi yawan masu cewa dutsensu ba ya ci, barin dutse mai kaushi suke yi kafin leɓen ya fito, su koma mai laushi, alhali mai laushi ba ya ƙirƙirar kaifi, gyara wanda aka riga aka samu kawai yake yi.

Daga nan ka koma lamba 1000, ka maimaita da hannu mara nauyi, kana sauya gefe a kowane ja, har leɓen ya sirance ya faɗi. Ga wuƙar nama nan ya isa, domin ɗan kaushin da lamba 1000 ke bari yana taimaka mata ta kama fata da jijiya. Duwatsu masu lamba 3000 zuwa 6000 sun fi amfani ga aska da kayan sassaƙa. Ka ƙarasa a kan fata yadda wanzami yake yi wa askarsa, kana ja baya-baya, bakin yana bin baya, sau goma a kowane gefe. Bayan tsohon bel na fata ya wadatar. Sannan ka duba bakin a ƙarƙashin fitila: duk inda ya yi ƙyalli bai kammala ba, domin baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Idan ta ratsa takardar jarida ba tare da yagewa ba, ta kuma shiga fatar tumatir ba da dannawa ba, ka gama.

Dutsen ma yana son kulawa. Na ruwa ana jiƙa shi har kumfa ya daina tashi, na mai kuma ana ɗiga masa mai mara kauri kamar na keken ɗinki, kuma wanda ya sha mai ba ya komawa ruwa. Idan tsakiyarsa ya yi kwari, ka zana layuka da fensir a fuskarsa, ka goga shi a kan sanfefa bisa gilashi har layukan su ɓace duka.

Ita kuma wuƙar, tun da ƙarfenta mai tsatsa ne, ka wanke ta ka tsane ta da zarar an gama aiki, ka shafa mata ɗan man girki, kuma kada ka bar ta cikin kuben fata tsawon damina, domin fata tana riƙe laima. Idan layya ta zagayo, ka tanadi adda ko gatari domin ƙashi, ita kuma ka bar mata yanka da fiɗa.