Tarawut na kuɓuce mini a bayan jirgi: in ƙara ɗaure birki?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina jan fatsa a bayan ƙaramin jirgi mai inji a tafki mai sanyi, ina neman kifin tarawut (trout a Turance, kifin ruwan sanyi). Kifi yakan ci koto, sanda ta lanƙwasa, amma kafin in kawo shi kusa sai ya kuɓuce, wani lokaci ma zaren ya tsinke. Wani ya ce laifin kayana ne, in sayi sanda mai tauri da zaren saƙa mai kauri, in kuma ɗaure birkin manaɗi (abin naɗe zaren fatsa) tamau don kada kifi ya samu gudu. Abin ya dame ni ƙwarai. Shawarar nan daidai ce?

Amsa: Malam, kada ka bi ta. Abin da aka ba ka a matsayin magani shi ne ciwon.

Fara da sanda. Ta jan fatsa daga jirgi ana son ta kai mita 2.1 zuwa 2.6, mai laushin kai, wadda ke lanƙwasawa har wajen tsakiyarta. Manaɗi kuwa ka nemi mai ƙirga tsawon zare, don ka iya mayar da koto daidai inda kifi ya ci. Zaren roba mai ɗaukar kilo 3 zuwa 4.5 ya wadatar, da ɗan ƙarfen juyi a gabansa don kada koton cokali, wato koton ƙarfe mai siffar cokali, ya murɗe maka zare.

Sai batun ɗaure birki, wato abin da ke sakin zare daga manaɗi in ja ya yi ƙarfi, batun da kusan kullum sai an kawo shi, kuma masu yaɗa shi ba su taɓa tsayawa sun duba bakin tarawut ba. Fatar da ke gefen bakinsa ba ta da ƙarfi. A lokacin da ya cafki koto, jirginka yana tafiya, nauyin jirgin gaba ɗaya yana jan zaren gaba, shi kuma kifin ya juya yana girgiza kai. Dole wani abu ya sassauta: ko sanda ta lanƙwasa, ko zare ya miƙe, ko birki ya saki. Sanda mai tauri ta toshe ta farko. Zaren saƙa, wanda kusan ba ya miƙewa, ya toshe ta biyu. Ka ɗaure birki, ka toshe ta uku. Me ya rage? Bakin kifi ya yage, ko ƙulli ya tsinke. Ramin da ƙugiya ta huda yana ta faɗi, da zarar kifin ya yi tsalle ɗaya sai ta fita.

Asarar kifi ma da sauƙi. Koto yakan maƙale a dutse ko a kututturen da ke ƙarƙashin ruwa. In birki a sake yake, za ka ji ƙarar zare yana fita, ka cire giyar inji, ka koma baya a hankali. In a ɗaure yake, ko sanda ta karye, ko ta fizge daga mariƙinta. Mutum kuma sai ya zabura ya leƙa gefen jirgi zai cafko ta, ko ya naɗe zaren saƙa a hannu yana ja, zaren da ke yanka yatsa kamar reza. Faɗawa ruwan da tarawut ke rayuwa a ciki ba wasa ba ne: sanyinsa yana sa mutum jan numfashi ba da sonsa ba a daƙiƙun farko, ko da gwanin iyo ne. Wanda ya ce ka ɗaure birki ba ya cikin jirgin a ranar. Sa rigar ceto tun kafin ka tayar da inji.

Ga yadda ake saita birki. Ɗaura bakin zare a ƙaramin sikelin hannu, ka ja ta cikin zobban sanda. Birki ya fara saki a kwata zuwa kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin zaren, wato wajen kilo 1 ga zare mai kilo 4. Kifi ya ci, kada ka fizge sanda, tafiyar jirgi ta riga ta kafa ƙugiya. Ɗaga sanda, rage gudu amma kada ka tsaya cak, domin zare in ya yi sako-sako kifi ya tafi. In yana gudu bar shi, in ya lafa ka naɗe, ka ɗauke shi da koma ta wajen kai.

Gudun jirgi ya kasance kilomita 2.5 zuwa 4 a awa. Kafin ka saki koto, riƙe shi a gefen jirgi ka gani: cokali ya riƙa rangaji, in yana juyawa kamar fanka gudun ya yi yawa. Tarawut ya fi son ruwa mai zafin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salsiyas, don haka in sama ta ɗumama yakan sauka ƙasa. Don ka kai koto can, akwai zare mai darma a ciki, wanda ke sauya launi duk mita 9, kowane launi kuma yana nutsar da koto kimanin mita 1.5 a irin wannan gudun. Ajiye koton ɗan sama da inda na'urar gano kifi ta nuna kifin, domin daga ƙasa yake tasowa ya kai cafka.