Nine Inch Nails sun yi sanyi ne a Hesitation Marks?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da ɗan situdiyo, kuma albam ɗin The Downward Spiral na ƙungiyar mawaƙan Amurka Nine Inch Nails ne ma'aunina in zan haɗa sauti. Da na saurari albam ɗinsu Hesitation Marks sai na ji kamar an zare musu laka, gita ta ja baya, ihu ya ragu. Gajiya suka yi? Ni kuma duk yadda na matsa limita (abin da ke danne ƙololuwar sauti) aikina ba ya nauyi, ga kunnena yana ta ƙugi in na tashi aiki. Abin ya dame ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba gajiya ba ce. Albam na farko da ka ambata na 1994 ne, na biyun na 2013. A tsakani Trent Reznor, jagoran ƙungiyar, da abokin aikinsa Atticus Ross sun shiga kiɗan fim har suka ci lambar yabo ta Oska a 2011, kuma can suka saba barin fili a cikin sauti. A 1994 an jibga gita kan gita, an gurɓata kusan komai. A 2013 kuwa injin ganga ne busasshe, sintesaiza mai maimaita gajeren zubi, da bes ɗin Pino Palladino a wasu waƙoƙin. Nauyin yana nan, sauka ya yi ƙasa, ya shige tazarar da ke tsakanin bugu da bugu.

Amma ƙugin kunnenka ya fi damuna, don tushensa kuskuren da nake gani kullum: ɗaukar ƙara a matsayin nauyi. Masu sayar da saitin da aka riga aka haɗa a YouTube suna cikin masu cusa wa matasa wannan, kuma na gaji da su. Limita kan bugu take yankewa. In ka matsa ta desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 6 ko 8, dukan ganga ya daina fitowa, komai ya zama shafe ɗaya, sai ka ji ba ƙarfi, ka ƙara murya, ka sake matsawa. Kunne ne ke biyan kuɗin. Desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a rana, kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, a 100 minti 15 ya rage maka. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa, babu ɗigon magani ko man gargajiya da zai dawo da su, komai daɗin bakin mai talla. Kuma wahalar banza ce, tunda Spotify yana sauke duk waƙar da ta wuce -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta) zuwa daidai da sauran, sai dai in mai sauraro ya canza saitin. Su kansu Nine Inch Nails mastarin (gyaran sauti na ƙarshe) biyu suka fitar wa Hesitation Marks, mai ƙara da wanda ba a matse shi sosai ba. Nemo duka biyun, ka daidaita muryarsu, ka saurari dukan ganga.

A naka aikin, yanke wa gita abin da ke ƙasa da 100 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), ka bar 40 zuwa 60 Hz ga ganga da bes, amma kada su hau juna. Gurɓataccen sautin ka tura shi layi daban, ka riƙa ɗiga shi kaɗan ƙarƙashin na asali, ka rage kaifinsa wajen 3 kHz. Limita kada ta ci fiye da desibel 2 ko 3. Yi aiki a muryar da za ka iya hira da na kusa da kai, ka huta minti 10 kowace awa. Ƙugin nan kuma, tunda yana dawowa, je wurin likitan kunne a gwada jinka a makon nan.