Kwamfuta da Hausa: Ina Haruffa Masu Ƙugiya Suka Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare da ke Gwale. Na kwashe tsofaffin tambayoyin jarrabawa daga kwamfutar makaranta zuwa sabuwar da na saya mai Windows 11, sai na tarar duk inda na rubuta ƙasa ya koma }asa, ɗaya kuma ya koma ]aya. Mai gyara ya ce cuta ce ta shige ta, sai an goge komai an sake ɗora mata Windows. Shin in yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yarda, domin lafiyar kwamfutarki ƙalau, kuma ko sau nawa aka sake ɗora mata Windows haka rubutun zai ci gaba da fitowa. Alamu sun nuna an buga takardun ne da ɗaya daga cikin tsofaffin salon haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a lokacin da kwamfutoci ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Dabarar ita ce a ɗauki gurbin alamomin da mai rubuta Hausa bai cika buƙata ba, a zana harafi mai ƙugiya a wurin, ta yadda ido zai ga ƙ alhali abin da ke ajiye cikin fayil ɗin } ne. Wannan aiki ya yi wa Hausa hidima ƙwarai, kuma littattafai da kundayen bincike masu yawa a Kano da shi aka buga su, amma da zarar takarda ta je kwamfutar da babu salon a cikinta, sai alamar asali ta bayyana.

Hanya mafi sauri ita ce ki kwafo salon daga tsohuwar kwamfutar ki sa a sabuwar. Sai dai ba ita nake ba ki shawara ba, saboda duk wanda kika tura wa takardar zai faɗa cikin abin da kika faɗa. Gara ki mayar da rubutun kan tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma kwamfuta da waya duk suna gane shi. Ki fara ajiye kwafi a gefe, sannan ki buɗe takardar a Word ki danna Ctrl da H, ki sa } a layin sama da ƙ a na ƙasa, ki umarce shi ya musanya duka. Haka za ki bi sauran ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana. Ki tabbata zaɓin Use wildcards ba a kunne yake ba, domin idan yana kunne Word na ɗaukar waɗannan alamomi a matsayin umarni. Bayan kin gama ki karanta takardar tun daga farko, musamman tunda tambayoyin jarrabawa ne, domin inda kika yi amfani da baka ta gaske wajen rubuta maki shi ma zai juye ya zama harafi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kabuga, ina rubuta kundin kammala digiri. Kullum sai na kwafo ƙ da ɗ daga intanet in liƙa. Na so in mayar da kwamfutar gaba ɗaya Hausa ko zan huta, ta ƙi.

Amsa: Ɗan'uwa, abu biyu ka haɗa. Harshen da kwamfuta ke nuna umarninta da shi daban, harshen da kibod ke rubutawa daban, kuma na biyun kake buƙata. Idan Windows ɗinka irin wanda ake kira Single Language ne, ba zai bari a sauya harshen fuskarsa ba, amma bai hana a ƙara kibod ba. Ka shiga Settings, ka zaɓi Time & language, ka nemi wurin ƙara harshe, ka rubuta Hausa ka ɗora. Daga nan maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara ne zai riƙa kai ka daga Ingilishi zuwa Hausa, kuma za ka ga alamar ta sauya a ƙasan allo kusa da agogo. Idan kana kan Hausa, ka riƙe Alt na hannun dama ka danna k, ko d, ko b, harafin zai fito da ƙugiyarsa; ka haɗa da Shift idan babba kake so. Mutane da yawa na hagu suke dannawa, su ce abin ba ya aiki.

Idan ka samu kanka a kwamfutar da ba taka ba, Word na da wata hanya: ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Manyansu su ne 0198 da 018A da 0181. Ka bar tazara kafin lambar idan harafin da ke gabanta a, b, c, d, e ko f ne, don kada Word ya haɗa su ya karanta. Za ka ga akwai ƴ ma, wanda aka fi amfani da shi a Nijar. A nan Nijeriya 'y aka saba rubutawa, don haka ka tambayi mai duba kundinka wanne sashenku ya amince da shi, ka tsaya a kansa har ƙarshe.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Sabon Gari. Wani lokaci haruffan Hausa na fitowa kamar ƙananan akwatuna, wani lokaci alamar tambaya. Duk matsala ɗaya ce?

Amsa: A'a, Alhaji. Akwati na nufin harafin yana nan, salon da aka zaɓa ne ba shi da zanensa. Ka sauya zuwa Times New Roman na sababbin Windows, ko ka sauko da Charis SIL ko Noto Sans, waɗanda kyauta ne. Alamar tambaya ta fi muni, domin yawanci tana nufin an ajiye fayil ɗin da tsohon tsarin ANSI maimakon UTF-8 na Unicode, harafin ya ɓace, kuma sauya salo ba zai dawo da shi ba sai an nemo asalin takardar ko an gyara da hannu. Ka roƙi masu kawo maka aiki su riƙa zuwa da shi a PDF, kuma ka buga shafi ɗaya su duba kafin ka saki sauran.