Kai abokin aiki Bajamushe masallaci

Ɗan'uwa kana tambaya ko ka kai abokin aikinka Bajamushe masallaci alhali kullum cewa yake Musulunci addinin ta'addanci ne. Wallahi ka kai shi. Tun 1997 masallatan Jamus ke buɗe ƙofa ga kowa duk ranar 3 ga Oktoba, kuma ranar hutu ce.

Sharaɗi ɗaya dai, kar a mai da ziyarar muƙabala. Zaman da na yi a can na lura yawancinsu a talabijin kawai suka san mu, tambayar hijabi da jihadi kuwa sai ta fito, don haka a haɗa shi da mai haƙuri wanda ya iya Jamusanci sosai, in aka kunyata shi gaban mutane ba zai sake zuwa ba.